Jiragen sama masu sauka a kan ruwa: me ya riƙa halaka su a tsibirai?

Malamin Labarin Ƙasa, Samaru

Assalamu alaikum. Jama'a barkanmu da war haka, ya sanyi, ya hazo?

Tambaya ce ta kawo ni, kuma asalinta ta wata ɗalibata ce. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan Samaru, bana shekarata 14 da alli a hannu. Duk wanda ya san yankin nan ya san ƙananan jiragen ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, wadda muke ce wa Abiyeshan, yadda suke wuni suna kewaya mu. Mun saba. In ɗaya ya taso sai aji ya yi shiru, ya wuce, a ci gaba.

Talatar da ta wuce hazo ya ɗan yaye, jirage sun fito, mu kuma muna kan darasin tsibirai. Na zana Tekun Pasifik ya cinye allo, na ɗiga Hawai a tsakiya kamar ƙwayar gero a faifai. Jirgi ya wuce, muka dakata. Yana wucewa sai wata yarinya da ke benci na biyu, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, jirgin da zai tsallake wannan ruwan duka, me ya sa ba a yi masa gindi irin na kwale-kwale ba? In inji ya mutu sai ya sauka a ruwa ya jira a zo." Na ce mata ai an taɓa yin irinsu. Ta ce to me ya sa aka daina? Na ce ta ba ni mako guda.

Tun ranar nake karatu, maimakon in warware sai kaina ya ƙara ɗaurewa.

Abin da na fara cin karo da shi labarin wani jirgin sojan ruwan Amurka ne, PN-9. Ran 31 ga Agusta 1925 ya tashi daga kusa da San Faransisko zai nufi Honolulu da ke Hawai, tafiyar da ba a taɓa yi ta sama ba. Don a gane zamanin, wata biyu bayan nan ne, ran 1 ga Nuwamba, jiragen sama suka fara sauka a Kano, guda 3 na sojan Ingila da suka taso daga Masar. Tazarar da Amurkawan suka so tsallakewa kimanin kilomita 3,850 ce. Na auna a taswira, ta fi Kano zuwa Jidda, kuma da zarar ka yi nisa da gaɓa babu ko tudun da tsuntsu zai sauka ya huta.

Jirgin kwale-kwale ne sosai mai fukafukai hawa biyu, gindinsa na alminiyam, fukafukan an lulluɓe su da zane, inji biyu, mutum 5, shugabansu Kwamanda John Rodgers. Jirage biyu ne suka tashi. Ɗayan bai yi nisa ba bututun baƙin mai ya fashe, ya sauka a teku aka jawo shi. An jera jiragen ruwan yaƙi a hanya, kowane mil 200 akwai ɗaya, don su zama alama. An sa rai iska za ta riƙa turo su daga baya, ba ta zo yadda aka yi lissafi ba, injinan kuma suka sha mai fiye da zato. Sun yi kusan awa 25 a sama, sun ci kimanin kilomita 3,000, suna cikin neman jirgin ruwan da zai ba su mai ba su gan shi ba, tanki ya bushe. Suka sauka a kan teku, ko ƙwarzane babu.

Wurin da ya tsaya mini a rai shi ne rediyonsu. Na'urar aika saƙo iskar tafiya ce ke juya janaretarta, da jirgi ya tsaya ita ma ta mutu. Ta karɓar saƙo kuwa tana aiki. Suna zaune a kan ruwa suna jin masu nemansu suna magana da juna, suna jin ana lalube a inda ba nan suke ba, har aka fara fid da rai da su, ba su da bakin cewa ga mu nan. Na karanta wannan da dare, na daɗe ban yi barci ba.

Sai suka yage zanen fiffiken ƙasa suka ɗaura ya riƙa kama iska, suka cire daɓen jirgin suka zura a ruwa don su iya karkata shi. Abinci ya ƙare tun kwanakin farko, ruwan sha sai na sama da ɗan abin da suke tacewa. Kwana 9 suna tafiya haka, kimanin kilomita 700, kamar Zariya zuwa Legas a miƙe. Ran 10 ga Satumba wani jirgin yaƙi mai nutso, R-4, ya tsince su dab da tsibirin Kauai na Hawai, dukansu da rai.

Shekara biyu bayan haka, Agustan 1927, wani attajirin abarba na Hawai, James Dole, ya sa gasar tashi daga Oakland a Kalifoniya zuwa Hawai: dala 25,000 ga wanda ya fara isa, 10,000 ga na biyu. Waɗannan jirage ne masu taya. Guda 8 suka shiga layin tashi, 2 kaɗai suka isa. In aka haɗa waɗanda suka mutu kafin ranar gasar, da waɗanda teku ya haɗiye, da mutum biyun da suka fita nema su ma ba su dawo ba, rai 10 aka rasa. Cikinsu har da wata malamar makaranta, Mildred Doran, 'yar shekara 22.

To ga inda na maƙale. In ka jera labaran nan biyu, yarinyar nan ce da gaskiya: mai gindin kwale-kwale ya sauka mutanensa sun rayu, masu taya sun nutse. Amma kuma ina ta ganin sunayen irin jiragen nan masu sauka a ruwa da suka halaka mutane a Samoa, a Guam, a Tirinidad. Me ya riƙa kashe su, alhali ruwan da ake tsoro shi ne filin saukarsu? Kuma me ya sa aka watsar da su? Na san a garin nan akwai waɗanda suka tsufa cikin aikin jirgi. Don Allah a taimaka. Talata ta kusa, ba na so in ba yarinyar amsar da ni kaina ban gamsu da ita ba.

Baba Injiniya, Hanwa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, tambayar injiniya ta yi. Ni mai gyara ne, sifana na riƙe shekara 31 ina kwance inji ina ɗaurawa kafin in ajiye aiki.

Koma kan labarin da ka kawo. Ka ce man PN-9 ya ƙare saboda iska da shan mai, haka ne. Amma duba abin da yake ɗauke da shi. Gindin da zai daki ruwa bai fashe ba dole ya yi ƙwari, dole ya yi faɗi, ga 'yan ƙananan kwale-kwalen da ake ratayawa a bakin fukafukai don kada ya kife. Duk nauyi ne, kuma duk suna tare iska. Kowane kilo na kwale-kwale kilo ne na fetur da aka bari a ƙasa. Waɗanda suka fara isa Hawai ta sama hafsoshin sojan ƙasa ne biyu, Maitland da Hegenberger, a ƙarshen Yunin 1927, da jirgin Fokker mai inji 3 mai taya, cikin kusan awa 26. Ka ga ke nan, gindin da ya ceci su Rodgers yana cikin abin da ya hana su isa.

Sannan ba kowace rana teku ke karɓar baƙo ba. Jirgin Rodgers marar gudu ne, a hankali yake sauka, tankunansa kuma wayam. Jiragen nan don tashar ruwa aka yi su, wurin da tudu ya kare iska. Kuma dalilin ƙera su shi ne rashin fili. A shekarun 1930 dogayen titunan jirgi na kankare ba su da yawa, babban jirgi mai nauyi ba shi da inda zai yi gudu ya ɗaga, ruwa kuwa fili ne da Allah ya shimfiɗa kyauta. Sai dai ruwa a gudun kilomita 120 a awa ba laushi gare shi. Cika bokiti ka mare shi da tafin hannu iya ƙarfinka, ka ji. Titi kuma yana nan yadda ka bar shi jiya. Ruwa yau igiya, gobe gungumen itace, jibi wani ya gitta da kwale-kwale.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ranar da ruwa ya kwanta luf kamar madubi ido yake yaudarar matuƙi. Ba ya iya gane tazarar da ke tsakaninsa da ruwan, sai ya zaci da saura alhali ya iso. Dare ya fi muni. Na Tirinidad da ka ambata China Clipper ne na kamfanin Pan American, wanda ya buɗe hanyar wasiƙu ta Pasifik a 1935. Ran 8 ga Janairu 1945 ya zo sauka da dare a Port of Spain, ya daki ruwa da gudu tun bai kai wurin saukar ba, gindi ya tsage, mutum 23 cikin 30 suka rasu. Irinsa guda 3 kacal kamfanin Martin ya ƙera, babu wanda ya tsufa. Hawaii Clipper ya ɓace tsakanin Guam da Manila ran 28 ga Yuli 1938 da mutum 15, har yau ba a ga ko ƙusarsa ba. Philippine Clipper ya daki dutse a Kalifoniya cikin mummunan yanayi a Janairun 1943.

Na Samoa shi ne wanda na riƙa ba yaran da suka koyi aiki a hannuna, don mafarinsa ƙaramin abu ne da muke gani kullum: yoyon baƙin mai. Ran 11 ga Janairu 1938 Kyaftin Edwin Musick, wanda a lokacin babu matuƙin da ya fi shi suna a kamfanin Pan American, ya tashi daga Pago Pago zai tafi Niyu Zilan. Ba su jima ba inji ɗaya cikin 4 ya fara zubar da baƙin mai, ya juyo. Tashar Pago Pago gajera ce, duwatsu sun kewaye ta, jirgi kuma cike da fetur, ya yi nauyin da sauka a nan ganganci ne. Sai suka fara zubar da fetur a sama don ya yi sauƙi. Jirgin ya yi bindiga, su 7 babu wanda ya fita. Masu bincike sun karkata ga cewa tururin fetur ɗin ne ya haɗu da wutar inji. Kowane mataki da mutumin nan ya ɗauka mai hankali ne in ka duba shi shi kaɗai. Yoyo ya sa shi juyowa, duwatsu suka sa shi rage nauyi, hanyar rage nauyin kuma ba a gama sanin haɗarinta ba. Shi ya sa har na bar aiki ban yarda yaro ya ce mini "ɗan ɗigo ne kawai, Baba" ba.

Tsibirin kansa ma yana da nasa. Kai ka fi ni sanin yadda iskar teku ke hawa dutse ta zama gajimare. A Mayun 1918 Manjo Harold Clark na sojan Amurka ya tashi da ƙaramin jirgi mai sauka a ruwa daga tsibirin Oahu na Hawai, ya ya da zango a tsibirin Maui, ya nufi babban tsibirin Hawai, ya shiga gajimare, ya ƙare a kan bishiyoyin gangaren Mauna Kea, dutsen da ya haura mita 4,000. Shi da sajansa suka yi kwana 2 suna tafiyar ƙasa kafin su fita. Shekara guda bayan nan ya rasu a haɗarin wani jirgin mai sauka a ruwa a Panama. In ka bi sunayen filayen jiragen sojan wancan zamani hawaye zai zo maka. Filin Clark a Filifin sunansa ne. Wheeler a Oahu sunan wani manjo ne da ya rasu a haɗari a 1921. Shi ma Rodgers ɗinka bai cika shekara da tsira ba jirginsa ya faɗa Kogin Delaware a Agustan 1926, aka sa wa filin jirgin Honolulu sunansa.

Ban ma taɓo gishiri ba, wanda ke cin alminiyam kamar gara da katako. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo aka zuba titunan kankare a tsibirai da ko'ina, injina suka ƙara aminci, dalilin ɗaukar kwale-kwale zuwa sama ya ƙare. Ƙananan suna nan suna aiki a Kanada da Alaska da tsibiran Maldibs, akwai ma masu ɗebo ruwa su kashe gobarar daji. Manyan na fasinja ne suka tafi.

Ɗan Masunta, Shika

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni jirgin sama sai dai in ɗaga kai in gan shi, amma a Yawuri aka haife ni, mahaifina masunci ne, a ruwan Kainji na girma kafin neman abinci ya kawo ni Zariya. Yanzu kifi nake sayarwa a Sabon Gari.

Maganar ruwa mai kama da madubi gaskiya ce ko ga mu na ƙasa. Da asuba in ya kwanta, sama da ruwa sukan haɗe, ba ka gane inda ɗaya ya ƙare. Kuma abin da ke ƙarƙashi ba ya nuna kansa. Bishiyoyin da dam ya cinye tun 1968 kututturansu suna nan a tsaye. Jirgi mai inji in ya hau ɗaya da gudu, katako tsagewa yake kamar an sa gatari. Mu ke nan da ke tafiyar da ba ta kai ta babur ba. To ina ga abin da ya sauko daga sama.

Malam, ni a labarinka abin da ya burge ni daɓen nan da suka zura a ruwa ne. Wanda bai san ruwa ba zai ce zanen ne ya cece su. Zane shi kaɗai inda iska ta ga dama za ta kai ka, a karkace ma. Sai kana da abin da ya kama ruwa a ƙasa sannan za ka iya cewa ga inda na nufa. Sojan ruwa ne, sun san wannan tun kafin su san sama. Da wasu ne da iska ta wuce da su ta gefen tsibirin, su yi ta tafiya.

Ƙishirwar ce ba na iya kwatantawa. Mu in inji ya mutu a tsakiyar ruwa ko kwana muka yi, hannu za ka sa ka sha. A ce ruwa ya kewaye ka kwana 9 kuma kurɓa ɗaya ƙara maka ƙishi za ta yi. Allah ya kiyashe mu.

Ɗan Kwangila

Ni fa, Baba, da girmanka, ina ganin akwai abin da ilimin boko bai kai ba. Jirgi guda da mutum 15 ya ɓace a ce ko ƙusa ba a gani ba? Haka na ji an yi a wajen Bamuda, jiragen soja 5 suka tafi lokaci ɗaya, aka tura wani nemansu shi ma ya bi su. Teku yana da masu shi. Kuma in kwana ya ƙare ko da inji 10 ne sai an tafi.

Baba Injiniya, Hanwa

Ɗana, ƙaddara gaskiya ce, babu mai musun ta. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, mu kuma aikinmu ɗaurin ne, dole mu san ta inda igiya ke tsinkewa.

Waɗanda kake nufi ran 5 ga Disamba 1945 suka tashi daga Fort Lauderdale a Fulorida, jirage 5, mutum 14, atisaye suka fita. An ji shugabansu a rediyo yana cewa kamfas ɗinsa ya lalace, ya rikice da inda yake, suka yi ta juyi har dare ya yi, teku ya tashi, mai ya ƙare. Wanda aka tura nema, mai mutum 13, irin masu sauka a ruwa ne da aka san su da warin fetur a ciki, kuma wani jirgin ruwa ya ba da rahoton ganin wuta a daren.

Ɓata a teku ba wuya. In ka kauce da digiri ɗaya tak, bayan kilomita 60 ka bar hanya da kilomita guda. Bayan 3,000 ka bar ta da 50. In gaɓar nahiya kake nema ba komai, ko'ina ka ɓulla ƙasa ce. In ɗan tsibiri ne ka wuce shi ba ka sani ba. Mutanen nan da rana da taurari da agogo suke lissafin hanya, gajimare ya rufe shi ke nan sai ƙiyasi. Tuna ranar da hazo ya yi kauri har ba ka ganin ƙarshen gadar Kwangila, sai ka ɗauke titin, ka ɗauke masu shayi da za ka tambaya. A Oktoban 1942 wani jirgin B-17 na soja ya taso daga Hawai ya kasa ganin tsibirin Canton, mai ya ƙare, mutum 8 suka shiga kwale-kwalen roba fiye da mako 3, ɗaya ya rasu kafin a same su. Game da rashin ganin ƙusa kuwa, zurfin Pasifik a tsakaice kusan kilomita 4 ne.

Hajiya, Tudun Wada

Salamu alaikum. Baba ya gama magana a kan na da, ni na yanzu zan ɗan taɓa, don na yi shekara 9 ina aikin cikin jirgi kafin in dawo gida, kuma sauka a ruwa yana cikin abin da ake maimaita mana duk shekara, har cikin wurin wanka ake jefa mu da kayanmu.

Labarin da ba a taɓa tsallakewa a horon shi ne na Komoros, tsibiran da ke tsakanin Mozambik da Madagaska. Ran 23 ga Nuwamba 1996 Boeing 767 na Itofiya ya tashi daga Adis Ababa, zai bi Nairobi da Barazabil ya zo Legas ya wuce Abijan, akwai 'yan Najeriya a ciki. Mutum 3 suka yi fashinsa suka ce sai Ostareliya. Kyaftin Leul Abate ya gaya musu man ba zai kai ba, suka ƙi ji. Da mai ya ƙare ya kawo shi kusa da bakin ruwa a babban tsibirin, inda akwai mutane. Fiffiken hagu ya riga taɓa ruwa, jirgin ya wuntsila ya kakkarye. Mutum 125 cikin 175 suka rasu. Abin da ke ci mini rai har yau, da yawa sun tsira daga faɗuwar, amma sun hura rigar ceto tun suna ciki. Da ruwa ya cika jirgin rigar ta ɗaga su ta manna da rufi, suka kasa nutsawa su kai ƙofa. In kun ji muna cewa kada a hura sai an fita, daga irin wannan aka koya. Don Allah alhazanmu a riƙa saurare, minti 3 ne kawai.

Akwai kuma na Kogin Hudson a Niyu Yok, 15 ga Janairu 2009, mutum 155 duk suka fita da rai. Kogi ne, ruwan a kwance, da rana, jiragen fito kuma suka iso cikin mintoci.

Malam, ka gaya wa 'yata tunaninta bai faɗi ƙasa ba. Jirgin da ke tsallake teku har yau yana ɗauke da kwale-kwale, naɗe shi aka yi. Abin nan na roba da ke cikin ƙofa, wanda ke hura kansa a sulalo ta kai, a manyan jirage shi ne ake kwancewa ya zama kwale-kwalen da zai ɗauki mutane da dama, da rumfarsa da kayan neman agaji. Ka ce mata kuma akwai mata a kwalejin nan da jiragenta ke katse muku darasi, masu tuƙi da masu gyara. Ta riƙe lissafi da fizis da kyau.

Malamin Labarin Ƙasa, Samaru

Baba, Hajiya, ɗan'uwana na Shika, har da kai na Kwangila da ka jawo mana bayanin digiri, Allah ya saka da alheri. Na kwafe duka a littafin darasi.

Wurin da ya kwance mini kai shi ne maganar Baba cewa rashin fili ne ya haifi jiragen. Ni duk zatona don tsoron teku aka yi su, shi ya sa mutuwarsu a bakin tasha ta ƙi shiga kaina. Kuma na ga darasin nan nawa ne tun farko, don iska da gajimaren dutse da siffar tasha duk suna cikin manhajar da nake koyarwa, ban dai taɓa haɗa su da ran mutum ba.

Ga abin da na shirya. Zan sa a kawo baho cike da ruwa kowa ya mara. Zan fitar da su filin ƙwallo da zare biyu daga turke ɗaya, tsakaninsu digiri guda, su bi su gani yadda suke rabuwa. Sannan in ba su labarin rediyon da ke ji ba ya magana. Na Komoros zan faɗe shi yadda Hajiya ta faɗa, don rabin ajin akwai mai shirin Makka a gidansu.

Baba, wata alfarma. Daga Hanwa zuwa wurinmu ba nisa. In jiki ya yarda, ko minti 20 ne ka zo su ji daga bakinka. Na yi wa shugaban makaranta magana ya amince, ni zan zo in ɗauke ka.

Baba Injiniya, Hanwa

In sha Allahu, Malam. Ka zo ƙarfe 9, kafin rana ta yi zafi. Zan taho da tsohon kamfas ɗina da wani guntun bututun baƙin mai da na ajiye, tsagar da ke jikinsa sai an kai shi haske ake ganinta. Zaren ya kai mita 60, don a ƙarshensa su auna kimanin mita guda da hannunsu. Yarinyar ita za ta riƙe kamfas.